Kwana huɗu da Kawu a Japan: Kyoto ko tsofaffin zangunan ƙauye?

Ɗan Nagoya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, zai zo taro Tokyo a watan gobe, ya ce idan an tashi zai ba ni kwana huɗu in zaga da shi. Tsohon malamin makaranta ne, ya haura sittin, ba ruwansa da manyan kantuna da dogayen benaye. Abin da ya ce min a waya shi ne, "Kai ni in ga Japan ɗin da kakanninsu suka sani." Ni kuwa shekarata biyu a nan, daga ɗakin gwaji sai gida, sai masallaci ranar Juma'a. Kyoto kaɗai na taɓa leƙawa. Wani abokin karatuna ya ce in kai shi kwarin Kiso mu taka tsohuwar hanya daga Magome zuwa Tsumago. Wa ya taɓa zuwa? Ya cancanci wahalar?

Alhajin Motoci:
Wa alaikumussalam. Yaro, kada ka wahalar da dattijo. Ka sa shi a jirgin ƙasa mai gudun nan, ku sauka Kyoto, ku wuce Osaka ya ga fada, a yi hoto, a ci abinci a wurin da aka rubuta halal, ya koma gida da labari. Na fi shekara goma ina zuwa ƙasar nan sayen motoci, ban taɓa jin wanda ya taso tun daga Najeriya don ya ga ƙauye ba. Ƙauye ai muna da shi.

Maman Hanifa:
Alhaji, Allah ya bar zumunci, amma a nan kam ban bi ka ba. Na taka hanyar nan bara da maigidana da yara biyu. Kilomita takwas ce, mun yi ta cikin awa uku da ɗan wani abu saboda ƙaramar tana tsayawa tsintar ganye. Ƙanena, idan za ku je ku faro daga Magome, domin hawan gajere ne har ku kai ƙololuwar dutsen, wajen mita 800, daga nan gangara ce har Tsumago. Idan kuka faro daga ɗaya ɓangaren Kawu zai tsine maka. Daga Nagoya jirgi zai kai ku Nakatsugawa ƙasa da awa ɗaya, sai bas ta ƙarasa da ku cikin rabin awa. A lokacin baƙi ma ana karɓar jakunkuna a ofishin 'yan yawon buɗe ido da safe, a kai muku su ɗaya garin, ku tafi hannu na dukan cinya.

Malam Na Tarihi:
Bari in ɗan sa baki, tunda an taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Alhaji ya ce ƙauye, to ba ƙauye ba ne irin wanda yake nufi. Zango ne. Duk Bahaushen da ya ji labarin fataken goro masu zuwa Gwanja zai gane abin nan take.

A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, gidan Tokugawa ne ke riƙe da mulki daga birnin Edo, wato Tokyo ta yau, sarki kuma yana zaune a Kyoto da daraja amma ba iko. Manyan hanyoyi biyar suka fita daga gadar Nihonbashi da ke Edo. Biyu daga ciki sun nufi Kyoto: Tokaido ta bi gaɓar teku da zango 53, Nakasendo ta ratsa duwatsu da zango 69, tsawonta ya haura kilomita 530. Tsumago shi ne na 42, Magome na 43.

Abin da ya raya waɗannan zanguna doka ce. A 1635 shogun Iemitsu, wato shugaban gidan Tokugawa mai riƙe da mulki, ya tabbatar da cewa kowane sarkin yanki, daimyo, sai ya riƙa yin shekara ɗaya a Edo, shekara ɗaya a ƙasarsa, matarsa da magajinsa kuwa suna zaune Edo dindindin. A fili zaman girmamawa ne, a zahiri garkuwa ce. Ku duba dabara: mutum yana tafe da ɗaruruwan barori da dakaru, wani ma dubbai, duk inda suka yada zango sai ya ciyar ya biya masauki. Kuɗin da zai tara ya yi tawaye sun ƙare a hanya. Su kuma mutanen zango sun samu abin yi, daga mai masauki har mai doki da ɗan dako.

Bakatsine:
Malam ya fara lacca, a kawo tabarma.

Malam Na Tarihi:
Ka zauna a ƙasa, ɗalibi. Saura kaɗan. Akwai shingayen bincike a hanyoyin, ɗaya yana Kiso-Fukushima, a cikin wannan kwarin. Abu biyu aka fi sa wa ido: bindigar da za ta shiga Edo, da macen da za ta fita daga Edo, don kada matar wani sarki ta sulale ta koma gida mijin ya samu sararin tayar da ƙayar baya. Idan Kawu malami ne, wannan kaɗai ya ishe shi hirar wata guda a majalisa.

Injiniya:
Duk na ji, kuma gaskiya ne. Amma ina da ƙorafi, kuma a kan Magome ne. Garin nan gobara ta cinye shi a 1895, ta sake ci a 1915. Yawancin abin da za ka gani yau ginin baya ne, aka shimfiɗa duwatsu, aka jera shagunan tsaraba. Yana da kyau a hoto, ban musa ba. Amma idan mutum ya ce yana son ganin abin da kakanni suka sani, ka kai shi wurin da aka sake shiryawa don baƙi, ai ka sayar masa da gwanjo a kwalin sabo. Ko in ce sabo a kwalin gwanjo.

Haka ma fadar Osaka da Alhaji ya ambata. Hasumiyar nan ta kankare ce, an gina ta a 1931, har da lif a ciki. Ta Nagoya bama-baman 1945 suka ƙone ta, aka tayar da ta kankare a 1959, yanzu ma tun 2018 an rufe ta saboda fargabar girgizar ƙasa. A duk faɗin Japan hasumiyoyin fada goma sha biyu kacal suka rage daga na asali.

Alhajin Motoci:
To ni da na hau lif ɗin na ga garin Osaka tsaf daga sama, me na rasa? Gwiwata ta gode min.

'Yar Maraɗi:
Injiniya, tambaya don Allah. Ina sauran suka tafi? Na ɗauka yaƙin duniya ne ya cinye su duka.

Injiniya:
'Yar uwa, yaƙin ya ci wasu, amma su da kansu suka fi rushewa. Tun 1615 gidan Tokugawa ya ce kowane sarkin yanki fada ɗaya zai riƙe, a rushe sauran. Da mulkin ya faɗi aka shiga zamanin Meiji, sai a 1873 gwamnati ta fitar da umarni, wasu aka ba soja, wasu aka sa a kasuwa, mutane suka saya don katako da ƙarfen jiki. A lokacin kallon kayan tsohon zamani ake yi musu, abin kunya a gaban Turawa.

Shi ya sa nake cewa ƙanenmu ya kai Kawu Matsumoto. Tana kan layin jirgi ɗaya da Kiso, awa biyu daga Nagoya. Baƙar hasumiya ce ta katako tun ƙarshen ƙarni na 16, kewaye da gwalalo mai ruwa, daga waje ka ƙirga hawa biyar, ka shiga ka tarar shida ne. Ita ma an yi gwanjonta a 1872, mutanen gari ne suka tashi, wani Ichikawa Ryozo a gaba, suka hana a rushe ta. Tana cikin biyar ɗin da aka ba matsayin dukiyar ƙasa, tare da Himeji da Hikone da Inuyama da Matsue.

Maman Hanifa:
Injiniya ka faɗi daɗin ka ɓoye ɗacin. Matattakalar Matsumoto tsani ce kawai aka sakaya suna. Akwai inda tsayuwarta ta kai digiri 61, ga takalminka a leda a hannu ɗaya domin ba a shiga da shi, ga katako mai santsi a ƙarƙashin safa, ga layin mutane a bayanka. Ni da zani na hau, ban ƙara ba. Dattijo mai shekara sittin da wani abu, a tambayi gwiwarsa tukuna.

Ɗan Nagoya:
Anti, Kawu har yanzu da kansa yake zuwa gona a keke. Gwiwa ba matsala. Ni abin da ya tsaya min shi ne maganar Injiniya. Idan Magome na baya ne, Tsumago fa?

Malam Na Tarihi:
Yawwa, nan nake jiran a zo. Tsumago labarinsa dabam, kuma shi ne dalilin da zan ce ka je ko da ba za ka ga komai ba sai shi.

Da aka shimfiɗa layin dogo ta kwarin a farkon ƙarni na 20, matafiya suka daina bi ta garin. Ya mutu a tsaye. Matasa suka watse birni, gidaje suka fara zubewa. Talaucin ne ma ya cece shi, domin ba wanda ke da kuɗin rushe tsohon gida ya yi na zamani. A 1968 aka fara aikin gyaran gidajen, a 1971 mazauna garin suka rubuta wa kansu ƙa'ida mai kalma uku: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa. Su suka ɗaura wa kansu wannan igiya. Sai a 1976 gwamnatin ƙasa ta sa garin cikin rukunin farko na unguwannin da doka ke karewa. An kawar da wayoyin lantarki daga babban titi, mota ba ta shiga da rana.

Injiniya zai ce masaukin sarakuna na garin, honjin, sake gina shi aka yi a 1995. Haka ne. Amma na kusa da shi, waki-honjin, ginin 1877 ne, da itacen hinoki. A zamanin Edo sare wannan itace a Kiso laifi ne babba, har ana cewa bishiya ɗaya, kai ɗaya. Da aka ɗage dokar sai masu gidan suka huce haushinsu a gini. Ka shiga ka ga yadda hayaƙin murhu ya mayar da katakon baƙi sumul.

Injiniya:
Tsumago ban da ja. Magome nake ja.

Baban Yusra:
Ni ina karanta ku tun ɗazu, kuma ina ganin Injiniya ya cika tsanani a maganar "asali". Mu da muka tashi a gidan ƙasa mun san duk shekara sai an yi yaɓe. Bayan shekara hamsin, wace ƙasa ce ta rage daga wadda kakanka ya kwaɓa? Amma ba wanda zai ce ba gidan kakanka ba ne. Su ma ginin katako suke yi a ƙasar gobara da girgiza. Babban wurin bautarsu na Ise duk shekara ashirin suke sake gina shi sabo fil, na ƙarshe a 2013, kuma a wurinsu shi ne dai na da. Abin da suke adanawa hannun magini ne, ba itacen ba.

Injiniya:
Yaya, hujjarka ta yi, amma ta tsaya a katako. Wanda ya sake gini da irin kayan da irin hannun, na yarda. Wanda ya zuba kankare da rodi ya yi masa fentin tsufa, wane hannun magini ya adana? Su kansu mutanen Nagoya ai shi ya sa suke ta shirin mayar da tasu ta katako, har ana ta ce-ce-ku-ce a kan ko za a sa wa masu keken guragu hanyar hawa.

Baban Yusra:
A nan kuma ka ga inda Alhaji yake da gaskiya. Idan aka bi naka, mai lalurar ƙafa ba zai taɓa ganin saman fada ba.

Bakatsine:
Ni duk wannan ba shi ya dame ni ba. Kuna ta musu a kan na wasu, wai wanne ne asali wanne ne kwaikwayo. Su har sun samu abin musu. Mu ganuwar da ke garuruwanmu fa? Ana ɗibar ƙasarta ana buga bulo, ana yanka jikinta ana kafa shago, muna wucewa ta gefe kullum. Ƙa'idar nan ta mutanen Tsumago, a ce wa magada goma sha biyu da suka gaji tsohon gida a cikin birni kada su sayar, ka ga yadda za a kwashe.

'Yar Maraɗi:
Wallahi kuwa. Amma a yi adalci, su baƙi na kawo musu kuɗi. Mai gidan da ba ya samun ko sisi daga tsufan gidansa, ga ruwa na zuba a kan 'ya'yansa, da me za ka roƙe shi?

Malam Na Tarihi:
Lokacin da suka fara ba baƙin, 'yata. Baƙin daga baya suka zo. Kuma kada ku ɗauka ƙauyukan Japan duk sun tsira. Ƙidayar gwamnatinsu ta 2023 ta nuna gidaje kusan miliyan tara ba kowa a ciki. Ka sauka daga jirgi a ƙaramar tasha, ka yi tafiyar minti ashirin ba ka ga yaro ko ɗaya ba, sai tsofaffi a gonar shinkafa. Tsumago ɗaya ne cikin 'yan kaɗan da suka samu mafita.

Ustaz:
Kun yi tarihi kun yi gini, ba wanda ya tambayi abin da bawan Allah zai ci. A Nagoya akwai masallaci da shagunan halal, amma da kun shiga kwarin nan sai abin da kuka ɗauko. Taliyarsu ta soba ita kanta ba laifi, romon ne ake yawan sa wa mirin, wato giyar shinkafa mai zaƙi ta girki. Haka gohei-mochi, dakakkiyar shinkafa a tsinke da ake gasawa, miyar da ake shafa mata sau da yawa akwai shi. Ka tambaya, tunda kana jin yaren. Wasu masaukan idan ka sanar da su tun da wuri suna yi maka kifi da ganye. A yankin Nagano kuma, inda Tsumago da Matsumoto suke, ana cin ɗanyen naman doki, kada a ajiye wa Kawu ya ɗauka kilishi ne bai bushe ba.

Salla kuwa ku matafiya ne, ku yi kasaru, ku tafi da ƙaramar darduma. Sannan ka tambayi masaukin batun wanka, domin da yawa na tarayya ne. A nemi wanda ake kullewa.

Alhajin Motoci:
Kun ji ko? Ba nama, ba masallaci, ga hawan dutse. Ni dai na faɗi tawa.

Maman Hanifa:
Alhaji an ƙara maka da beyar! Da gaske, a kan hanyar akwai ƙararrawa da aka kakkafa, duk wanda ya zo sai ya kaɗa don dabbar ta ji motsin mutane ta kauce. Yarana sun mayar da ita wasa. Mu dai ba mu ga komai ba sai magudanan ruwa biyu da wani tsohon gidan shayi a tsakiyar hanya, inda ake ba matafiya shayi kyauta, ka jefa abin da ya sawwaƙa a akwati.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne lokaci. Kafin ƙarfe biyar na yamma shaguna sun rufe, gari ya yi tsit. Mu mun shagala da hoto, muka fito bas ta ƙarshe ta wuce, sai a ƙafa muka ƙarasa tashar Nagiso, kusan awa guda, maigida na saɓe da yarinya yana ta yi min mita. Ka duba jadawali tun da safe, ka riƙe tsabar kuɗi, ba ko'ina ake karɓar kati ba.

Injiniya:
In ƙara ɗaya. Kada ka sa Kawu ya sayi tikitin nan na mako guda na duk ƙasa. A Oktoban 2023 aka ƙara kuɗinsa ya kai yen 50,000, tafiyarku ba za ta cinye kuɗin ba. Ku sayi na kowace tafiya. Kuma idan kwana a Tsumago ya yi wuya, domin ɗakunan kaɗan ne, ku gwada Narai, zango na 34. Jerin tsofaffin gidaje ne na kusan kilomita guda, tashar jirgi kuma tana bakin garin, a kan hanyarku ta Matsumoto.

Ɗan Nagoya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na tsara: rana ta farko Inuyama, tunda rabin awa ce daga nan, mu gwada gwiwar Kawu a ƙaramar fada. Ta biyu Magome zuwa Tsumago, mu kwana. Ta uku Narai da Matsumoto. Ta huɗu in bar masa zaɓi, idan ya ce Kyoto, Kyoto.

Alhajin Motoci:
Zai ce Kyoto. A rubuta a ajiye.

Ɗan Nagoya:
Jama'a, na dawo da rahoto, jiya na raka Kawu filin jirgi. Alhaji, ka yi haƙuri, bai ce Kyoto ba. Amma Injiniya kai ma kada ka yi murna, domin Matsumoto a hawa na huɗu ya tsaya, ya leƙa matattakalar gaba ya ce shi ba tsuntsu ba ne, in je in ba shi labari.

Hanyar kuwa awa huɗu muka yi, ba don gajiya ba. Duk allon da ya gani sai na fassara masa. A Tsumago ya daɗe a gaban wata kwana da titin ya karye sau biyu, da na ce masa an yi ta ne don rage gudun mahara, sai ya ce ai zauren gidanmu ke nan, baƙo ba ya hango tsakar gida daga ƙofa. Mai masaukinmu tsohuwa ce, ta yi mana gasasshen kifin rafi da shinkafa da ganye, ta kawo kwalbar kowane abin da ta zuba don in karanta. Kawu ya sa na tambaye ta ko 'ya'yanta za su riƙe gidan bayanta. Ta yi dariya ta ce babban yana aiki a birni, sai dai jika. Kawu bai ƙara magana ba har muka gama cin abinci.

Rana ta huɗu ya ce mu koma Kiso-Fukushima ya ga wurin shingen da Malam ya ambata.

Malam Na Tarihi:
Madalla da Kawu. Ya ga takardun izinin wucewa na mata?

Ɗan Nagoya:
Ya gani, Malam, har ya sa na ɗauki hoto zai nuna wa Inna. Anti Maman Hanifa, ƙararrawar beyar kuwa ba wadda ya tsallake, kowacce sai ya kaɗa sau uku.